Wanda aka dasa wa na'urar ji, kar ka cire rai da waƙa

Jama'a salamu alaikum. Akwai wani dattijo da yake zuwa wajenmu saitin na'urarsa ta kokiliya, wannan da ake dasawa cikin kunne da tiyata, ranar nan yake ce min shi magana alhamdulillahi yana ji ras, amma waƙa wlh kamar yara na dukan gwangwani, har ya daina kunna rediyo.

Ba lalacewa na'urar ta yi ba fa. Lafiyayyen kunne yana da ƙananan gashi wajen 3,500 a can ciki masu tsintar sauti su miƙa wa jijiya, ita kuwa na'urar 'yan wayoyi 12 zuwa 22 ne kacal gareta, ya danganta da kamfani, kuma tun asali dan magana aka ƙera ta. Shi ya sa bugun ganga da tafi suke fita sosai, amma hawa da saukar murya su cakuɗe, goge da kukuma su zama abu ɗaya, kalangu ma da ake cewa yana magana sai ka ji bugun kawai maganar ta ɓace.

Abin da muke cewa shine ka fara da waƙar da ka haddace tun kafin jinka ya tafi, domin ƙwaƙwalwa ita za ta cike gurbin da na'urar ta bari. Mai murya ɗaya da kayan kiɗa ɗaya, ba irin na situdiyo da aka cika da fiyano ba. Ka zauna ɗaki shiru, ba fanka ba janareto, in da hali baitocin na rubuce a gabanka ko kana kallon bakin mawaƙin a bidiyo, ka maimaita kullum ko minti 15 ne. Satin farko ba daɗi, gaskiya kenan, abin na ɗaukar watanni.

In ɗaya kunnen yana da sauran ji a sa masa abin ƙara ji na gama-gari, yana taimakawa ƙwarai wajen kaurin sauti. Kuma dan Allah in kun zo saiti ku faɗa mana kuna son waƙa, yawancin na'urorin ana iya buɗe musu tsarin kiɗa daban, mutane kunya suke ji wai kar a ce sun girma.

Dattijon nan dai da ƙasida guda muka fara, yanzu jikarsa ce take kunna masa a waya bayan la'asar.