Waiwaye: Fasahar da ake sawa a jiki, daga Salaga zuwa Zangon Kumasi

A watan Mayun 2024 aka baje kolin kayan sarautar Asante a gidan tarihi na fadar Manhyia da ke Kumasi a ƙasar Ghana, kayan da akasarinsu Turawan Ingila ne suka kwashe tun yaƙin 1874 da abin da ya biyo bayansa. Guda 32 sun zo ne a matsayin aro daga gidajen tarihi biyu na Landan, bayan guda 7 da wani gidan tarihi na Amurka ya mayar a watan Fabrairu. A kwanakin ne na ji wani matashi a majalisarmu ta unguwar Aboabo yana magana a kan mutanen Asante, yana cewa, "Su dai Tonawa suna da abin nunawa, mu 'yan Zango sai kasuwa da karatu." Maganar ta tsaya mini a rai, domin yana faɗinta sanye da riga mai aska biyu, ga hular da aka yi wa aikin allura a kansa. Abin da yake cewa ba mu da shi, a jikinsa yake.

Tun kafin Bature ya taka Kumasi, fatake suna bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina zuwa kasuwar Salaga da ke arewacin Ghana ta yau. Su sauke turkuɗi da jar fata da takalma da riguna da kanwa, su ɗaure huhunan goro su juya. In aka cire kanwa, duk sauran aikin hannu ne na marina da majema da dukawa da maɗinka, kuma kyansa ne yake sayar da shi.

A 1817, zamanin Sarki Osei Bonsu, Thomas Bowdich ya zo Kumasi ya tarar da Musulmi zaune kusa da fada, akasarinsu daga Gwanja da Dagwamba da sauran garuruwan arewa, har da masu zuwa daga ƙasar Hausa. Ya rubuta cewa fallen takarda guda kan riƙe ƙaramin malami wata cur a garin, saboda yadda ake neman laya. Hukuncin laya a addini magana ce ta malamai, kuma sun daɗe suna yinta. Ni aikin hannun nake dubawa. Laya ɗaya takan bi ta hannu uku: malami ya ja hatimi da alƙalami da tawada, gida-gida, kowane gida da harafinsa ko lambarsa, baduku ya naɗe ya ɗinke a fata, in ta sarki ce, maƙerin fada ya lulluɓe ta da zinariya ko azurfa. Babbar rigar yaƙin nan ta sarkin Asante, wadda suke kira batakarikese, layu ne jere a jikinta, kuma har yau akan sa ta a manyan al'adu irin na hawan kujerar sarauta. Wasu masana ma suna ganin yadda ake raba zanen adinkra, wato yadin Asante mai tambura, gida-gida yana da dangantaka da hatimin malamai. Ke nan tun a wancan zamanin akwai hannun mutanen arewa a cikin adon fadar.

Basasar Salaga ta 1892 ta tarwatsa malamai da masu sana'a. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, almajirai kuma suka yi ta kwafar waƙoƙinsa na Hausa da Larabci da hannu. Wasu suka gangaro kudu. Bayan yaƙin 1900 da sarauniya Yaa Asantewaa ta jagoranci Asante a kan Turawan Ingila, da isowar jirgin ƙasa daga Sekondi a 1903, Zangon Kumasi ya cika ya batse, kowa ya zo da sana'ar gidansu.

A nan ne abin ya shiga rayuwar yau da kullum, har ya zama ba a ganinsa. Yaro in ya sauke Alƙur'ani, allon zayyana ake yi masa, a ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa, ya riƙe ya zaga dangi. Littafin da ya karanta yana cikin gafaka, wadda baduku ya yi wa ado da yankan fata. Amarya ba ta shiga ɗaki sai an yi mata jere, kuma matan da suka iya jere sun san wane kwano ne zai hau kan wane, sun san inda faifai mai launi zai zauna. Ga lalle, ga kitso, ga sassaƙar ƙwarya. Babbar riga kuwa, malami ne sau da yawa yake fitar da zanen a kan yadi, aska takwas ko tambari, sannan mai allura ya zauna a kai makonni, wani lokaci watanni. Ba wanda ya taɓa rataye waɗannan a bango don kallo kawai. Ana sa su, ana ci a cikinsu, ana karatu da su, kuma da su ake gane an girmama mutum: rigar da ɗa ya ɗinka wa mahaifinsa ta Sallah tana faɗin abin da kunya ba za ta bar shi ya furta ba. Ko daren 6 ga Maris 1957, da Kwame Nkrumah ya tsaya shelanta 'yancin kai a Accra, fugu ya sa, saƙar arewacin ƙasar nan.

To yaya aka yi muka daina lissafa wannan a cikin fasaha? A 1952 aka dawo da makarantar koyon zane daga Achimota zuwa sabuwar kwalejin Kumasi, wadda ta zama jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, wato KNUST. A shekarun 1950 ɗin kuma Alex Kyerematen ya kafa cibiyar al'adu ta garin. Fasaha ta samu aji da takardar shaida, alhali iyayenmu da yawa suna ɗari-ɗari da boko, suna kuma gudun zana abu mai rai. Sai kalmar ta koma ta masu fenti da gumaka, namu kuma ya tsaya a "sana'a". Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta ƙara yin ɓarna, domin ta kwashe gidaje da dama daga zangonni, ciki har da masu sana'a da masu sayen kayansu. Daga baya keken aiki ya zo, sannan injin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda yake gama wuyan riga kafin a sha shayi. Takardar bugawa ta soma ture allon zayyana, roba ta ture ƙwarya.

Ba na zargin maɗinkin da ya sayi inji. Yana da bakunan ciyarwa, kuma mu masu saye mu ne muke taya aikin wata biyu da kuɗin aikin yini. Abin da ke ci mini rai shi ne maƙwabtanmu sun riƙe nasu da suna. A garin Bonwire na Asante kowace saƙar kente tana da sunanta da ma'anarta, a garin Ntonso kowane tambarin adinkra haka, har a Disambar 2024 UNESCO ta sa kente a jerin al'adun duniya. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale da ya yi karatu a KNUST, tsofaffin buhunan koko da gawayi ya tattara daga kasuwanni, aka harhaɗa su da ɗinkin hannu, ya lulluɓe bangaye da su a bikin baje kolin Venice na 2015, duniya ta tsaya kallo. Irin ɗinkin da muke wucewa kullum ne a kasuwar Kejetia.

Makon jiya na je unguwar Alabar wurin wani dattijo da har yanzu yake aikin allura. Na ce, "Baba, yara nawa ke koyo a hannunka?" Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna jikansa da ke gefe yana zura zare. Na roƙe shi ya faɗa mini sunayen ɗinkin da ke jikin rigar da yake riƙe da ita, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin allura yana faɗa, ni kuma ina rubutawa a bayan takardar awo. Na bar masa yadi biyar, ya ce in dawo bayan Babbar Sallah.