Dokar binciken muhalli: a duba kafin a haƙa, ko a haƙa sannan a duba?

Duk wanda ya san fadamar Haɗeja da Nguru ya san kachala. Doguwar ciyawa ce da ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta ratsawa da kwalekwale, ta cinye gonakin shinkafa, ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Ta samu gindin zama ne bayan da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya yadda ruwa ke saukowa. A da damina ta kawo ambaliya, rani ya busar da ƙasa. Yanzu ruwa kwanciya yake yi duk shekara. Kano ta samu ruwan sha da noman rani, wannan ba a musu. Amma sa'ad da aka gina Tiga, babu dokar da ta tilasta a ji ta bakin mutanen ƙasan kogi.

Dokar Soja mai lamba 86 ta 1992, wadda ake kira EIA, wato dokar binciken tasirin aiki a kan muhalli, don irin wannan aka yi ta. Ta zo ne shekaru huɗu bayan an jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu. Abin da ta ce a taƙaice shi ne, kowane babban aiki, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, ba a fara shi sai an binciki abin da zai yi wa ruwa da ƙasa da iska da rayuwar jama'a. Ta ma jera ayyukan da binciken ya zama dole a kansu, kamar madatsar da ruwanta zai mamaye hekta 200, da gonar da ta kai hekta 500, da aikin noma da zai tashi iyalai 100. Mai aikin ne ke ɗaukar ƙwararru su rubuta rahoto, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta duba, a baje shi ga jama'a na kwanakin aiki 21, sannan a amince ko a ƙi.

To, wannan bincike yana sauya shawarar hukuma kuwa? A ganina yana gyara aiki, amma da wuya ya tsayar da shi. Yakan sa a karkata hanya, a ƙara magudanar ruwa, a tanadi diyya, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga wanda gonarsa ke wurin. Sai dai babbar tambayar, wato a yi aikin ko kada a yi, a nan ko a can, sau da yawa an riga an amsa ta ranar da aka sa hannu a kwangila. Titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba misali ne: an fara aikinsa a 2024, an shiga rusau, alhali ana ta jayayya a kan rahoton muhallinsa. Ihu bayan hari ke nan.

Ga kuma batun wanda ke biyan mai bincike. Ƙwararren da ke cin abinci a hannun mai aiki, wuya ne ya rubuta masa cewa aikin bai dace ba. Tarar ma ba ta tsorata kowa: kamfanin da ya karya dokar, iyakarsa Naira miliyan 1.

Abin da ya fi damuna shi ne kwanaki 21 ɗin nan. Rahoton yakan zo da Turanci, shafuka ɗaruruwa, a ajiye shi a sakatariyar ƙaramar hukuma ko ma'aikatar muhalli ta jiha. Masuncin da ya san inda kifi ke ƙwai, da makiyayin da ya san burtali, su ne ke da ilimin da rahoton ke buƙata, su ne kuma na ƙarshen jin labarinsa. Saboda haka in kun ji sanarwa a rediyo cewa an baje irin wannan rahoto a yankinku, ku samu mai unguwa ko dagaci, ku nemi wanda zai karanta muku shi da Hausa, ku rubuta ƙorafinku da kwanan wata, ku miƙa kafin wa'adin ya cika, ku kuma riƙe kwafi a hannunku.