BioWare a hannun EA: wai me ya ci kamfanin da ya yi Mass Effect?

Ranar nan muna zaune a gidan gem muna jiran layin ƙwallo, tambarin EA, wato kamfanin gem na Electronic Arts, ya fito a talabijin, sai wani ƙanina ya ce ai wannan kamfanin ba abinda suka iya sai FIFA. Na ce masa kai yaro ne, a ƙarƙashinsu akwai wani situdiyo da ake kira BioWare wanda a da in an ce gem ɗinsu zai fito mutane har hutun aiki suke ɗauka. Daga nan fa ya tsare ni da tambaya har aka zo kanmu aka tsallake mu. Ga tambayoyin nasa da abinda na faɗa masa, na ɗan ƙara wasu.

Su waye BioWare ɗin ma tukuna?

Likitoci ne uku suka kafa shi a 1995 a garin Edmonton na jihar Alberta a Kanada: Ray Muzyka da Greg Zeschuk da Augustine Yip, duk sun gama karatun likitanci a Jami'ar Alberta. Yip bai daɗe ba ya koma duba marasa lafiya, sauran biyun suka riƙe. Gem ɗin da ya fito da sunansu shine Baldur's Gate a 1998, sai na biyunsa a 2000, Neverwinter Nights a 2002, Star Wars: Knights of the Old Republic a 2003, Jade Empire a 2005, sannan Mass Effect a 2007. Kusan duk irin wasan nan ne da kai ne jarumin labarin, kai zaka zaɓi maganar da za ka faɗa, wa za ka ceta wa za ka bari, kana yawo da abokan tafiya kowa da halinsa da tabon da yake ɗauke dashi.

Meye abun zuzutawa a ciki, ba harbi bane kaman sauran?

Akwai harbi, amma ba shi ke riƙe mutum ba. Bari in baka misali da ƙarshen Mass Effect 2. Ka kwashe awanni kana tara mutane a jirginka na sararin samaniya mai suna Normandy, kana zuwa ɗakin kowa kuna hira, wani ya roƙe ka ka raka shi ya warware wata tsohuwar rigima, in ka ga dama ka je in ka ga dama ka share. To ranar yaƙin ƙarshe duk sai an maka hisabi. In baka gyara sulken jirgin ba tun kafin ku sauka wani zai mutu. Za a ce ka zaɓi wanda zai bi ta cikin bututu ya buɗe ƙofa, ka zaɓi wanda zai jagoranci rukuni na biyu, in ka ba wanda bai cancanta ba jagoranci sai kawai ka ga an harbe na bututun a bakin ƙofa kana kallo. Ni karon farko Tali, ɗaya daga cikin abokan tafiyar, na rasa a wajen, wallahi na ajiye hannun gem ɗin na yi shiru kusan minti biyar kaman an min rasuwa, kuma da ka ɗauko ajiyarka, wato bayanan wasan da ka adana, ka shiga Mass Effect 3 babu ita babu labarinta, shikenan ta tafi. Harda shi Shepard jarumin yana iya mutuwa in ka yi sakaci da yawa. Wannan shine abinda mutane ke nufi in sunce gem ɗin BioWare.

Ya aka yi suka koma hannun EA?

A 2005 wani kamfanin zuba jari mai suna Elevation Partners ya haɗa BioWare da wani situdiyo, Pandemic, ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ɗaya daga cikin masu Elevation ɗin, John Riccitiello, ya koma ya zama shugaban EA a 2007, a watan Oktoba na shekarar kuma aka sanar EA za ta sayi su biyun kan kuɗi har dala miliyan 860. Tun lokacin wasu suka fara jan numfashi, don EA ta riga ta yi suna wajen sayen tsofaffin situdiyo su ƙare a rufe, Bullfrog da Westwood da Origin duk haka suka tafi. Shi kansa Pandemic ɗin da aka sayo su tare ko shekara biyu bai cika ba aka kulle shi a 2009.

Kenan daga sayen komai ya lalace?

A'a fa, kuma nan ne masu zagin EA ido rufe suke kuskure. Dragon Age: Origins a 2009 da shi Mass Effect 2 da na gama yabo, 2010, duk a hannun EA suka fito. Dragon Age: Inquisition na 2014 shi ya lashe gwarzon shekara a The Game Awards, kuma Mark Darrah da ya jagoranci jerin ya ce ya sayar da fiye da kwafi miliyan 12.

Amma alamu sun fara tun 2011. Origins an sanar dashi tun 2004, an sha shekaru ana dafa shi, shi kuwa Dragon Age II wata 16 kacal ne tsakaninsa da na farkon, kuma gaggawar bata ɓuya ba: kogo ɗaya za ka shiga sau ba adadi, yau an toshe wannan ƙofar an ce maka sabon wuri ne, gobe an buɗe ta an toshe waccan. Ƙarshen wannan shekarar reshensu na Austin ya saki Star Wars: The Old Republic, wasan intanet na biyan kuɗin wata, kafin shekara ta zagayo an buɗe shi kyauta saboda masu biya sun ragu. Sai rigimar ƙarshen Mass Effect 3 a Maris 2012, inda mutane suka ga bayan gem uku na zaɓe-zaɓe bambancin ƙarshen bai wuce launin haske ba, ja ko shuɗi ko kore, har saida aka saki ƙarin bayani kyauta a watan Yuni. A Satumba likitocin nan biyu suka yi ritaya lokaci guda.

To me EA ke nema a wajensu da basa bata?

Kuɗin da baya yankewa. Kai da kake buga ƙwallo ai ka san Ultimate Team, inda ake sayen fakitin katin 'yan wasa ba ka san wa zai fito ba. A shekarar kuɗi ta 2021 wannan ɓangaren kaɗai, a wasannin EA na motsa jiki, ya kawo sama da dala biliyan 1.6. Yanzu ka sa kanka a kujerar mai lissafi: ga gem da ake sabunta shi duk shekara mutane na ta zuba kuɗi kullum, ga wani kuma sai an yi shekara huɗu ko biyar ana biyan marubuta da masu murya, a saya sau ɗaya a gama a ajiye. Komai kyan na biyun a takarda kaman rago zai fito. Shi yasa aka yi ta tura situdiyo ɗin EA wajen wasan da ake haɗuwa a intanet a yi ta bugawa ba ƙarshe. A 2017 da aka rufe Visceral, masu Dead Space, ana tsaka da gem ɗin Star Wars na labari, kowa ya gane karatun.

Ina jin ana cewa Frostbite, meye shi?

Injin ne, wato tushen manhajar da ake gina gem akai. Situdiyon DICE na Sweden suka ƙera shi don Battlefield, wasan harbi da kake gani ta idon soja. Yana da kyan hoto ba ƙarya, amma ba a yi shi don irin aikin BioWare ba, abubuwa kaman jakar kayan jarumi, tsarin hira, kyamarar da ke bin mutum ta baya, duk saida suka zauna suka ƙera da kansu, kaman a baka motar tsere ace ka yi lodin buhunan masara da ita. Kuma da FIFA ta koma kan injin a 2016, masu taimakon injin hankalinsu ya fi karkata inda kuɗin yake. Saidai Aaryn Flynn, wanda ya shugabanci BioWare, ya faɗa da bakinsa cewa su suka zaɓi Frostbite ba tilasta musu aka yi ba. Ka riƙe wannan.

Ina ne abun ya fashe kowa ya gani?

Mass Effect: Andromeda a Maris 2017 da Anthem a Fabrairu 2019. Andromeda reshen Montreal ne ya yi, sun ɓata shekaru suna ƙoƙarin sa kwamfuta ta riƙa ƙirƙiro duniyoyi da kanta, abun ya ƙi, aka yi yawancin gem ɗin a kusan wata 18 na ƙarshe. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, da ya fito fuskokin mutanen ciki suka zama abun dariya a intanet, ido a ƙafe baki na motsi shi kaɗai. Watanni kaɗan aka narkar da reshen cikin wani situdiyon EA mai suna Motive.

Anthem, wasan harbi ne da ake haɗuwa a intanet, ya fi ciwo don shi manyan Edmonton ne da kansu. Ɗan jarida Jason Schreier ya yi dogon bincike a shafin labaran gem na Kotaku a Afrilun 2019, ya yi magana da ma'aikata da yawa, kuma abinda ya fito shine an yi wajen shekara bakwai da sunan ana aikin amma shugabanni sun kasa tsayar da wane irin gem ake yi, tashi sama da rigar ƙarfe da ya zama abu mafi daɗi a ciki an sa an cire an mayar ba sau ɗaya ba, sunan ma Beyond ne aka canza dab da nuna shi a bajekolin E3 na 2017, wasu ma'aikatan a wannan bidiyon tallan suka fara ganin abinda ake so su gina. Ainihin aikin a shekara ɗaya da 'yan watanni aka yi shi. Mutane na ɗaukar hutun likita na makonni saboda damuwa. Ya fito ba abun yi a ciki sosai, lodi ya yi yawa, aka yi alkawarin sake gina shi, a Fabrairu 2021 aka ce an fasa.

To gaskiya laifin wa, EA ko su?

Ni a ganina kowa ya ci rabonsa, kuma na BioWare ba ƙarami bane. A cikin situdiyon akwai wata magana da suke yi wai sihirin BioWare, ma'ana komai rikicewar aiki a watannin ƙarshe zai haɗu. Ba wani sihiri, mutane ne ke kwana ofis. Ya yi musu aiki a Inquisition sai suka ɗauka dabara ce, har wasu ma'aikatan suka gaya wa Schreier da ma gem ɗin ya faɗi ko a gane haka ba hanya bace. Anthem kuma ba EA ce ta kawo shi ba, ra'ayin cikin gida ne tun 2012. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nata laifin EA kuwa shine ita ke riƙe da ma'aunin, ita ke cewa dole a fitar kafin shekarar kuɗi ta rufe a ƙarshen Maris, ka duba Dragon Age II da Mass Effect 3 da Andromeda duk Maris, Anthem ƙarshen Fabrairu. Kuma ana cikin haka mutanen da suka san sirrin girkin suna ta fita: David Gaider babban marubucin Dragon Age a 2016, Mike Laidlaw da Flynn a 2017, Casey Hudson da Darrah rana ɗaya a Disamba 2020.

Dragon Age na baya-bayan nan fa, ba shi zai dawo da su ba?

Haka aka sa rai. Amma ka ji tarihinsa: an fara shi a matsayin gem ɗin labari, a 2017 aka soke aka kwashe mutane zuwa Anthem, aka sake farawa a matsayin na haɗuwa a intanet, sai bayan Anthem ya faɗi shi kuma Star Wars Jedi: Fallen Order na mutum ɗaya ya yi kasuwa aka ce to ku koma na labari. Ana tsaka da haka a Agusta 2023 aka sallami kusan mutum 50 harda tsofaffin marubuta. Gem ɗin, mai suna Dragon Age: The Veilguard, ya fito 31 ga Oktoba 2024, shekara goma bayan Inquisition. Ba mummuna bane, faɗan ciki na da daɗi kuma bai zo da kurakurai irin na Anthem ba, amma hirar ta yi laushi kowa na lallaɓa kowa, kuma zaɓin da ka yi a wasannin baya kaɗan ne aka waiwaya. A Janairu 2025 EA ta ce kusan mutum miliyan 1.5 suka buga, wajen rabin abinda ta yi hasashe. Shugabanta Andrew Wilson ya nuna wai masu wasa yanzu sun fi son duniyar da ake haɗuwa da juna. Nan kam na yi dariya, don a 2023 Larian na Beljiyam suka saki Baldur's Gate 3, ci gaban gem ɗin da BioWare suka fara, labari da hira da zaɓi zalla, ya kwashe gwarzon shekara kuma ya sayu kaman me.

Yanzu suna nan ko an rufe?

Suna nan, amma sun rame. Bayan Veilguard an rarraba ma'aikata zuwa wasu situdiyon EA an sallami wasu, Bloomberg ta ruwaito cewa basu kai mutum 100 ba. The Old Republic tun 2023 aka miƙa shi ga wani situdiyo mai suna Broadsword. Aikin da ya rage musu shine sabon Mass Effect da aka fara nuna tallansa tun Disamba 2020. Ita kanta EA a Satumba 2025 aka sanar da cinikin sayenta kan dala biliyan 55, masu sayen sune asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya PIF da Silver Lake da Affinity Partners na Jared Kushner, kuma kusan biliyan 20 a ciki bashi ne. Wanda ke da wannan bashin a wuya kai ma ka san ƙwallo zai fara kallo kafin ya kalli Edmonton.

Ƙanin nawa ya ce to shi zai nemi Anthem ya gwada tunda ya ga faifan da araha a kasuwa. Na ce kar ka soma, gem ɗin baya tashi sai da sabar EA, wato na'urarsu da ke riƙe wasan a intanet, kuma tun Yulin 2025 suka sanar cewa 12 ga Janairu 2026 za su kashe ta. In kuɗin na damunka nemi Mass Effect Legendary Edition na 2021, ukun farko ne a haɗe, kuma dan Allah ka gyara sulken jirgin kafin ka tafi yaƙin ƙarshe.