Bishiyar oak ta Ingila, shukarta da renonta

Bishiyar oak ta Ingila, wadda masana tsirrai ke kira Quercus robur, ƙatuwar bishiya ce 'yar asalin Turai, ana samunta tun daga Birtaniya da Faransa har cikin Rasha. Tsayinta na kaiwa mita 20 zuwa 40, tana kakkaɓe ganyenta wajen Nuwamba sai Afrilu ko Mayu ta sake sabo. 'Ya'yanta ƙwallo ne ɗan dogo mai 'yar hula a ka, yana rataye a dogon kara. Tsawon rai kam ba a magana, akwai wata a dajin Sherwood na Ingila da ake ce ma Major Oak wadda aka ƙiyasta shekarunta 800 zuwa 1000.

Shukar ba wuya. A Satumba da Oktoba ake tsintar 'ya'yan da suka faɗo, a zuba su a bokitin ruwa, wanda ya taso sama a yar don yawanci tsutsa ta cinye cikinsa, wanda ya nutse shi ne iri. Amma fa irin nan baya son bushewa sam, in aka shanya shi ko aka bar shi a ɗaki mai ɗumi ya mutu kenan, shi ya sa ake shuka shi nan da nan, zurfin kamar santimita 3 zuwa 5, ko a adana shi cikin yashi mai laima a wuri mai sanyi. Saiwa ce ke fara fita tun kafin hunturu ta nutsa ƙasa, tsiron sama sai sanyi ya wuce, kuma saboda doguwar saiwar nan ne tukunya mara zurfi bata yi mata, dashe ma gara a yi shi tun tana 'yar shekara ɗaya ko biyu, tsakanin Nuwamba da Maris lokacin da babu ganye. A daji kuwa wani tsuntsu ne dangin hankaka ke yin aikin, yana binne 'ya'yan don abincin hunturu ya manta da wasu.

Inda aikin yake shi ne shekarun farko. Ɓeraye da kurege na tone irin tun bai tsiro ba, in ya tsiro zomo da barewa su cinye kan, don haka dole a sa wa 'yar bishiyar bututun roba ko a kewaye ta da waya, a riƙa cire ciyawa kamar mita ɗaya kewaye da gindin, a shimfiɗa ɓawon itace don riƙe laima amma kar ya taɓa jikinta. Ban ruwa sai in an yi fari a shekara biyu ukun farko, taki kuwa ba lallai ba. Tana son rana da ƙasa mai zurfi, tana jure laka. Kuskuren da aka fi yi dai shi ne dasa ta kusa da gini, mutum ya ga 'yar sanda ce ya manta rassan za su iya baje mita 20 ko fiye. Datse rassa da hunturu ake yi, kaɗan kaɗan.

Ba ta fara 'ya'ya sosai sai ta kai wajen shekara 40, kuma ba kowace shekara take cika ba, sai bayan 'yan shekaru ta zubo su da yawa lokaci guda. 'Ya'yan na da sinadarin tanin, irin na bagaruwa da majema ke jima da shi, Turawa ma da ɓawonta suke jimar fata tun da. Tanin ɗin nan na iya kashe shanu da dawaki da tumaki in suka ci da yawa, alade ne kawai bai damu ba, shi ya sa har yau a dajin New Forest da ke kudancin Ingila ake sakin aladu su share 'ya'yan.

Cututtuka akwai farar fumfuna da ke rufe sabon ganye, tana raunana ƙananan bishiyoyi, sai wata cutar bakteriya da ke sa baƙin ruwa ya riƙa tsiyaya daga ɓawo. Akwai kuma wata tsutsa mai gashi da aka fara gani a Landan a 2006, tana tafiya a jere tana cin ganye, gashinta na sa ƙaiƙayi da ƙuraje har da wahalar numfashi, don haka ba a taɓa sheƙarta da hannu, hukumar gandun daji ake sanar wa.