Super Sand Eagles: Tambayoyi da amsoshi kan tawagar ƙwallon yashi ta Najeriya

Idan aka ce Super Eagles, ko yaro ya san su. Amma Najeriya tana da wata tawagar maza da ta ɗauki kofin Afirka sau biyu, ta je gasar cin kofin duniya sau shida, ta taɓa jan Birazil har ƙarin lokaci, duk da haka a majalisar hirar ƙwallo ba kasafai ake ambaton ta ba. Ita ce Super Sand Eagles, tawagar ƙwallon yashi. Ga tambayoyin da aka fi yi game da ita.

Wai mene ne ƙwallon yashi, kuma me ya raba ta da ƙwallon da muka saba?

Ƙwallon ƙafa ce, amma a kan rairayi ake buga ta, ba takalmi. Kowane ɓangare mutum biyar ne har da mai tsaron raga, kuma koci yana iya canja 'yan wasa sau nawa ya ga dama. Ana yin zubi uku, kowane zubi minti 12, ana tsayar da agogo idan an ci ƙwallo ko za a yi bugun tazara. Filin ƙarami ne: tsawonsa mita 35 zuwa 37, faɗinsa 26 zuwa 28, zurfin yashin kuma bai kamata ya gaza santimita 40 ba. Babu satar gida.

Dokoki biyu ne suka fi ba wa sabon ɗan kallo mamaki. Ta farko, ba a tashi canjaras. Idan lokaci ya cika ana kunnen doki, sai a ƙara minti uku, idan har yanzu ba a rabu ba a je bugun fenareti. Shi ya sa a zagayen rukuni wanda ya ci cikin lokaci yake samun maki uku, wanda ya ci a ƙarin lokaci biyu, wanda ya ci a fenareti ɗaya. Ta biyu, ba a yin shinge a bugun tazara, kuma wanda aka yi wa keta shi zai buga da kansa, sai fa idan ya ji rauni. Za ka ga ɗan wasa ya tattara yashi da ƙafarsa ya yi ɗan tudu, ya ɗora ƙwallon a kai, ya ja da baya, babu kowa tsakaninsa da raga sai mai tsaron gida. Keta ɗaya ta ganganci tana iya zama ci.

Yashi ba ya barin ƙwallo ta gangara yadda kake so. Ka tura ta ƙasa, ta ci karo da sawun wani ta kauce. Don haka yawancin wasan a sama ake yin sa: ɗagawa da yatsun ƙafa, tarewa da ƙirji ko cinya, sai bugun alkafura, wanda a filin ciyawa abin a yi ta labari ne, a nan kuwa abincin yau da gobe.

A ina ta samo asali?

A gaɓar tekun birnin Riyo na Birazil ta yi ƙarfi. An tsara mata dokoki a 1992, aka yi gasar duniya ta farko a gaɓar Kofakabana ta birnin a 1995. FIFA ta karɓi ragamar gasar a 2005, Faransa ta ɗauki kofin farko, da Eric Cantona a matsayin koci kuma ɗan wasa. Daga nan Birazil ta mamaye: kofi bakwai ke hannunta zuwa 2025. Rasha tana da uku, Fotugal biyu.

Wane matsayi Najeriya ta kai a Afirka?

Da ƙafar dama ta shiga. A gasar Afirka ta farko, wadda aka yi a Durban ta Afirka ta Kudu a 2006, ta kai wasan ƙarshe, Kamaru ta doke ta. Da shekara ta zagayo ta koma Durban ta ɗauki kofin bayan ta doke Senigal da ci 6-5. A 2009 ta sake ɗauka, wannan karon a kan Kwaddibuwa. Cikin gasa huɗu na farko, kofi biyu da matsayi na biyu sau ɗaya. A wancan lokacin duk wanda ya ce Najeriya ce za ta riƙe sarautar wannan wasa a nahiyar, ba wanda zai yi masa musu.

Sai dai tun 2009 kofin bai sake dawowa ba. Sau uku ta ƙara kai wa wasan ƙarshe, a 2011 a Kasabalanka, a 2016 a Legas, da 2018 a Sharm el-Sheikh ta Masar, kuma duk ukun Senigal ce ta tare mata hanya. Na 2016 ya fi ciwo, domin a gida aka yi, a gaban 'yan kallonta, aka tashi 8-4. Na 2018 kuwa 6-1 ne. A jera sakamakon wasannin ƙarshe tsakanin ƙasashen biyu, a ga yadda tazarar ke buɗewa: nasara da ƙwallo ɗaya a 2007, sai rashin nasara da uku a 2011, da huɗu a 2016, da biyar a 2018.

A gasar cin kofin duniya fa?

Sau shida ta je: Riyo a 2006 da 2007, Dubai a 2009, Rabenna ta Italiya a 2011, Bahamas a 2017, sai Faragwai a 2019. Sau biyu ta haye zagayen rukuni ta shiga cikin takwas na ƙarshe. A 2007 ita ce ta jagoranci rukunin da ke da Faransa da Ajantina, kafin Yurugwai ta fitar da ita. A 2011 ta sake kai wa wannan mataki. Ba ta taɓa wuce nan ba.

Me ya sa ake yawan ambaton wasanta da Birazil na 2011?

Saboda a ganina shi ne ƙololuwar abin da tawagar ta taɓa yi, ko da yake ba ta yi nasara ba. Birazil ta zo Rabenna ne da kofi huɗu a jere, daga 2006 zuwa 2009. Ƙasashe da yawa kan shiga fili da ita suna addu'ar kada kashin ya yi muni. 'Yan Najeriya suka tsaya ƙafa da ƙafa da ita, a ci su su rama, har minti 36 suka cika ba wanda ya fi wani. Sai a ƙarin lokaci Birazil ta ƙwace, aka tashi 10-8. Ƙwallo takwas a ragar zakarun duniya ba sa'a ba ce, ƙwarewa ce.

'Yan wasan wancan zamani sun cancanci a riƙa kiran sunayensu: Isiaka Olawale, Victor Tale, Bartholomew Ibenegbu, Ogbonnaya Okemmiri, da Abu Azeez wanda daga baya ya zama fuskar wasan a ƙasar. Koci Audu Adamu, wanda aka fi sani da Ejo, shi ya daɗe yana jan ragamarsu. Da yawa cikinsu 'yan ƙwallon ciyawa ne a ƙungiyoyin gida, a kira su sansani idan gasa ta matso, su cire takalmi su hau yashi. Wannan ya nuna baiwarsu. Ya kuma nuna inda ɓarakar take, kamar yadda za mu gani.

To, a ina aka yi tuntuɓe?

A 2017 saura ƙiris ta haye rukuni, Iran ta fitar da ita a bugun fenareti, kuma Iran ɗin ce ta ƙare a matsayi na uku a gasar. Amma a Faragwai a 2019 komai ya fito fili. Fotugal ta ci ta 10-1, Oman 6-5, Birazil 12-2. Birazil ɗin da ta sha da ƙyar a hannun Najeriya shekara takwas kafin nan, yanzu tazarar ƙwallo goma ce tsakani. Tun daga lokacin Najeriya ba ta sake zuwa gasar duniya ba: ba ta Mosko a 2021, ba ta Dubai a 2024, ba ta tsibiran Seshel a 2025, inda aka yi gasar a ƙasar Afirka karo na farko. Gasar Afirka ma, ba ta buga ta 2021 da ta 2022 da ta 2024 ba.

Ra'ayina shi ne ba 'yan wasa suka lalace ba, duniya ce ta ci gaba ta bar mu a tsaye. A shekarun farko kusan kowa haka yake yi, a tattaro masu baiwa a yi atisaye na 'yan makonni. A irin wannan yanayi mai ƙarfin jiki da iya sarrafa ƙwallo shi ke ci, kuma Najeriya tana da su. Daga baya wasan ya zama sana'a mai zaman kanta. Mai tsaron raga ya zama shi ne mai tsara hari, yana ɗaga ƙwallo ya harba daga gidansa. Ƙungiyoyi suka riƙa haddace dabarun bugun tazara da na kusurwa kamar karatu. Waɗannan ba a koyon su cikin mako biyu. Sai wanda yake kan yashi shekara da shekaru, ƙafarsa ta san inda ƙwallo za ta faɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaya Senigal ta yi ta wuce?

Ba ta tsaya ba, shi ke nan sirrin. Ta riƙe 'yan wasanta tare na tsawon shekaru, irin su mai tsaron raga Al Seyni Ndiaye, kuma tsohon ɗan wasanta Ngalla Sylla ya dawo ya zama koci. Yanzu kofin Afirka takwas gare ta, biyar na baya-bayan nan a jere, daga 2016 zuwa 2024. A Mosko a 2021 ta yi abin da ya gagari Najeriya a Rabenna: ta fitar da Birazil a zagayen 'yan takwas, a ƙarin lokaci, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2025 ta sake kai wa wannan mataki. Bayanta ga Masar da Maroko da Mozambik, ga Murtaniya da ta kai wasan ƙarshe na Afirka a zuwanta na farko a 2024. Gurbi biyu kacal Afirka ke samu a gasar duniya ta hanyar gasar nahiya, masu nema kuwa sun ƙaru.

Wannan ba wasan mutanen bakin teku ba ne? Me ya haɗa shi da ɗan Arewa?

Wannan ita ce tambayar da na fi son a yi. Sunan da Turawa suka ba wasan, wato ƙwallon bakin teku, shi ne ke ruɗin mutane, amma teku ba ta cikin dokokinsa. Yashi kawai ake bukata. Siwizalan ba ta da teku, ta kai wasan ƙarshe na duniya a 2009. Belarus ba ta da teku, ta kai a 2025. Faragwai ba ta da teku, ta karɓi baƙuncin gasar gaba ɗaya. A Mosko ma filin yashi aka zuba a tsakiyar birni.

Legas ta yi nata ƙoƙarin. Gasar Copa Lagos da aka fara a 2011 ta riƙa kawo ƙasashen waje, Najeriya ta lashe uku na farko. Amma yashi ba a Legas kaɗai yake ba. Duk wanda ya taɓa ganin kogi da rani a Arewa ya ga fili shimfiɗe, ga yara suna tamaula a kai ƙafa ba takalmi, sun kafa duwatsu biyu ko sanduna a matsayin raga. Waɗannan yaran sun riga sun san abin da ake wahalar koya wa wasu: gudu a rairayi ba tare da ƙafa ta nutse ba, da ɗaga ƙwallo kafin a buga. Jihar Kebbi ta gane haka da wuri, ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin wasan a ƙasar, Kaduna ma tana da ƙungiya a gasar lig ta ƙasa da aka fara a 2021.

Me ake bukata kafin a dawo?

Ba kuɗi mai yawa ba, idan aka kwatanta da ƙwallon ciyawa. Fili ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin shida na filin ƙwallon da muka saba ba, ba a shuka ciyawa, ba a ban ruwa. Abin da ke da wuya shi ne a tankaɗe yashin a cire tsakuwa da fasassun kwalabe, a zuba shi da zurfi, a samu alƙalan da suka san dokokin. Sai lig ɗin da za a riƙa bugawa kowace shekara ba fashi, domin koci ya zaɓi 'yan wasan da yashi ne aikinsu. Sai kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta riƙa sa tawagar cikin kasafinta tun farkon shekara, ta nema mata wasannin sada zumunta da irin su Senigal da Masar da Maroko, ta tura ta kowace gasar share fage.