Waiwaye: Yadda matan ƙabilun asalin Amurka suka kai zauren murmurewa daga shan ƙwaya Facebook

A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya shigo da OxyContin, ƙwayar rage ciwo mai ƙarfi, kasuwar Amurka, yana tallar cewa da wuya mai shan sa ya kamu. Da aka matse rubuta irin waɗannan ƙwayoyi wajen 2010, waɗanda suka riga suka kamu suka koma wa hiroyin, daga 2013 kuma fentanil, mai ƙarfin hiroyin ninki 50, ya cika kasuwa. A 2022 mutum 65 cikin kowane 100,000 na ƙabilun asali suka mutu sanadin wuce ƙima wajen shan ƙwaya, adadin da ya fi na kowace al'umma a ƙasar.

Matsalar mata ta girmi ƙwayar. Kafin dokar kare yaran ƙabilu ta 1978, ana raba kusan kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na 'ya'yansu da iyayensu. Wannan tabo bai warke ba. Mai juna biyu da ta kamu takan ƙi zuwa awo don kada a ƙwace mata jariri, sai ta rasa bufrenofin ko metadon, magungunan da aka tabbatar suna rage mutuwa.

Al'ummar ba ta zauna jiran gwamnati ba. Don Coyhis ya kafa ƙungiyar White Bison a 1988, ta ɗora murmurewa kan al'ada: zaman da'ira inda kowa ke magana bi da bi, turaren ganye, nasihar dattawa. Da korona ta rufe tarurruka a 2020, zaman ya koma waya. A Minnesota masu bincike na asibitin Mayo Clinic da matan ƙabilu suka tsara zauren Facebook mai suna Wiidookaage'win.

Irin wannan zaure dole ya zama rufaffe kuma ɓoyayye, a tantance mace kafin a shigar da ita. Jagorancinsa ya fi kyau a hannun 'yar gida da ta san hanyar, a riƙa sa abin da ya shafi renon yara, damuwa, ɗinkin duwatsun ado da yaren gida. Inda ake tuntuɓe sananne ne. Mambobi na ganin sunayen juna, a ƙaramin gari kuwa hoton allo ɗaya ya isa ya tona asiri. Wayar ma wani lokaci a hannun miji take. Akwai kuma mai cewa shan bufrenofin canjin ƙwaya ne kawai, wannan magana tana da haɗari ƙwarai, jagora ta gyara ta nan take.

Wadda ta daina shan ƙwaya na 'yan makonni jikinta ya rage juriya, adadin da ta saba sha na iya kashe ta. Shi ya sa ake maƙala bayanin naloksan, maganin da ke farfaɗo da wadda ta sha ƙwaya fiye da ƙima, a saman zauren: a fesa a hanci, a kira agaji, a ƙara bayan minti 2 zuwa 3 idan ba ta farfaɗo ba, a zauna da ita, domin ƙarfinsa na gushewa cikin minti 30 zuwa 90.