Rusau: abin da doka ta tanada kafin katafila ta taɓa bango

Kusan duk labarin rusau da za ka karanta a jarida tafiyarsa ɗaya ce. Kanun labarin ya ce hukuma ta rushe haramtattun gine-gine. A ƙasa ga hoton katafila ta ɗaga baki, sai wani jami'i ya kwashe sakin layi huɗu ko biyar yana bayani: an yi gini kan magudanar ruwa, ko filin gwamnati ne, ko wurin ya zama maɓoyar ɓata-gari. Can ƙarshe, in an yi sa'a, a ba wata mata layi biyu ta ce ba su san inda za su kwana ba. Mai karatu ya tashi da tunanin magana ta ƙare, tunda ginin haramtacce ne duk abin da ya same shi daidai ne.

Doka ba ta kallon lamarin haka. Tambayoyi biyu take yi, kuma kowace da amsarta. Ta farko, shin ginin yana da izini? Ta biyu, ta yaya aka fitar da mutanen da ke cikinsa? Hukuma na iya yin gaskiya a ta farko, ta kuma karya doka a ta biyu.

Tushen maganar yana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki, zamantakewa da al'adu, wadda ta fara aiki a 1976, kuma ƙasashe sama da 170 suka amince da ita. Sashe na 11 ya ce kowa yana da haƙƙin samun abinci, sutura da muhalli mai inganci. A 1991 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya yi bayanin cewa kowane mazauni, ko mai takardar mallaka ne, ko ɗan haya, ko wanda ya kafa ɗakin kwano a unguwar da ba ta cikin taswira, yana da wani mataki na kariya daga korar dole. A 1997 kwamitin ya fitar da sharhinsa na 7, wanda shi ne ya fayyace abin da ake nufi da korar dole: a raba mutum da gidansa ko filin da yake zaune a kai ba da son ransa ba, ba tare da an ba shi kariyar doka ko hanyar kai ƙara ba.

Sharhin bai hana tashin mutane kwata-kwata ba. Ya yarda akwai lokacin da ya halatta, kamar ɗan hayar da ya daɗe yana ƙin biyan kuɗi ba dalili. Abin da ya gindaya shi ne sharuɗɗa. A zauna da mutanen a yi shawara ta gaskiya tun kafin a yanke hukunci. A ba su wa'adi mai ma'ana, a gaya musu abin da za a yi da filin bayan sun tashi. Ranar aikin, jami'an gwamnati su kasance a wurin, kuma a san ko su wane ne masu rushewar. Kada a yi da dare ko cikin mummunan yanayi. A bar musu ƙofar kotu a buɗe, a taimaka wa marasa hali da lauya inda zai yiwu. Sai sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a ganina: kada tashin ya bar mutum ba wurin kwana. In ba zai iya sama wa kansa matsuguni ba, nauyin yana wuyan gwamnati gwargwadon ƙarfinta.

A 2007 Miloon Kothari, wakilin Majalisar na musamman kan haƙƙin muhalli a lokacin, ya gabatar da ƙa'idojin da suka ƙara fito da waɗannan sharuɗɗa fili. Sun ce sanarwa kada ta gaza kwana 90. Sun hana tashin mutane a ranakun idi da bukukuwan addini, ko gab da zaɓe, ko lokacin jarrabawar 'yan makaranta. Duk wanda ya rubuta wannan na ƙarshe ya san yadda rusau yake a zahiri: yaro ya dawo daga makaranta ya tarar da katifa da tukwane a bakin titi, littattafansa kuma suna ƙarƙashin ɓaraguzai. Ƙa'idojin sun kuma ce diyyar dukiyar da aka rasa ta shafi kowa, mai takarda da marar takarda. Gaskiya ne ƙarfinsu bai kai na yarjejeniya ba, jagora ne, amma su ne ma'aunin da ake gwada aikin gwamnatoci da shi.

Wasu ƙasashe sun shigar da wannan cikin dokar gida. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya ce ba a fitar da kowa daga gidansa, ba a kuma rushe masa gida, sai da umarnin kotu bayan ta duba duk halin da ake ciki. A Indiya, a shari'ar Olga Tellis ta 1985, kotun ƙoli ta ce masu kwana a gefen titunan Bombay suna da haƙƙin a saurare su, domin raba mutum da wurin neman abincinsa taɓa rayuwarsa ne. Kotun ba ta hana a tashe su ba, amma ta ɗage aikin sai bayan damina.

To me ya haɗa wannan da jarida? Kalma. Haramtacce hukunci ne, kuma kotu ce ke da ikon yanke shi. Idan ɗan jarida ya ɗauko kalmar daga bakin jami'in da ya ba da umarnin rusau ya ɗora ta a kanun labari kamar tabbatacciyar magana, ya yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Haka kalmomi irin su 'yan kama-wuri-zauna, ko tsabtace gari, ko ƙawata birni. A 2005 gwamnatin Zimbabuwe ta kira rusau ɗinta Murambatsvina, wato kawar da ƙazanta, ta ce maido da doka da oda take yi. Da Anna Tibaijuka ta je bincike a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, rahotonta ya ce kimanin mutum 700,000 ne suka rasa gida ko sana'a ko duka biyun.

Rikicin fili kuwa ya fi haka sarƙaƙiya, kuma a nan labarai suka fi gaggawa. Sau da yawa mutumin da ake kira mai mamaya ya sayi filin ne da guminsa, yana riƙe da rasit da takardar shaidu, har ma ya shekara goma yana biyan hukuma haraji da kuɗin wuta. Wani lokaci fili ɗaya ne aka sayar wa mutum uku. Wani lokaci maganar tana gaban alƙali, an ma ba da umarnin a dakata, katafila ta riga ranar zama isowa. Labarin da bai tambayi ko akwai shari'a a kotu ba ya bar rabin maganar a waje.

Saboda haka idan ka ga jan fenti a bangon wani gida cikin hoton jarida, nemi ranar da aka shafa shi da ranar da aka rushe, ka ƙirga kwanakin da ke tsakani. Nemi ko sanarwar a rubuce take, ko akwai umarnin kotu, ko an faɗi abin da za a gina a wurin da wanda zai amfana. Nemi kuma inda mutanen suka kwana a daren farko. Idan amsoshin ba sa cikin labarin, aika wa editan ka tambaye shi, domin waɗannan su ne abubuwan da sharhin 1997 da ƙa'idojin 2007 suka ce a duba.